Ruwan Kofin Inna

Inna ta sake durƙusawa gaban kofin ruwan da ta ajiye a tsakar ɗaki. Ruwan ko motsi ba ya yi. Ta miƙe, ta leƙa taga, ta dawo. Ta kasa zaune, ta kasa tsaye.

Tun da injin haƙa hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa ya iso daidai unguwarsu, kullum kwanuka rawa suke yi, bango yana zubar da fenti. Amma yau tun safe shiru kake ji.

Maƙwabciyarta ta leƙo tana washe baki. "Inna, barkanmu! Yau mun huta. Allah ya sa injin nan ya mutu murus."

Inna ba ta ce amin ba. Ta sake danna kira a wayarta, bai shiga ba. A can ƙasa waya ba ta aiki.

Sai ruwan kofin ya fara ɓari, tagogi suka ɗauka. Maƙwabciyar ta ja dogon tsaki. "Wai wane marar imani ne ke tuƙa abin nan?"

Inna ta zauna daɓas, tana dariya tana share hawaye.

"Autana ne. Ƙyale shi ya yi ta girgiza mu."