Falankin Kabarin Baba

Tun da aka hana sare bishiya, da falankin da aka yi da robar mamaci ake rufe kabarinsa. Da hantsi na kai kayan Baba injin unguwarmu: butarsa, silifas, bokitin wanka, da kujerar da yake zama a ƙofar gida. Duk shuɗaye ne.

Malam Tanimu mai injin ya yi mini ta'aziyya, ya farfasa su, ya zuba a mazurari. Murɗaɗɗen ƙarfe yana juyawa cikin bututu mai zafi, yana tura robar gaba har ta narke kamar kunu. Ina kallo, ban ji komai ba.

Falankin farko ya fito ja.

"Malam, Baba ba shi da jan abu."

"Ragowar wadda ta riga shi ne, 'yar shekara uku. Injin nan, sai na baya ya turo, na gaba yake fita."

"To, ragowar Baba fa?"

Ya nuna bayana da haɓa. Wani dattijo ne tsaye, riƙe da buhun robar nasa mamacin.

Na ce wa dattijon, "Allah ya jiƙan rai. In shuɗi ya fito, a sa shi ta wajen kai. Mutumin kirki ne."