Uwar Jirgin Santa Rufina

Safiyar da za a fara fita da jirgin Santa Rufina kan tafki, komai ya kammala sai hayaƙi. An goge ƙarafa, an ɗaura tutoci, an cika cikin jirgin da buhunan busasshen kashin lama, wata dabbar dako ta ƙasar, don a garin Puno ba gawayi ba itace, da shi ake hura tukunyar injin. Amma masu hura wutar suna zaune a gaɓa suna taunar ganyen koka, goron mutanen ƙasar, ba wanda ya taɓa shebur.

Jirgin ne ba shi da uwa. Matar kantoma aka zaɓa ta zuba masa giyar masara a goshi, ta kuma yi tafiyar farko a cikinsa, kamar yadda ake yi wa kowane sabon kwalekwale. Jiya ta zo ta ga ƙarfe yana lilo bisa ruwa, ta koma gida ta kwanta da ciwon kai. Ba kuwa ɗan garin da zai hau tafki a jirgin da ba uwa.

Melchor Yucra, shugaban masu hura wutar, shi damuwarsa daban. Kafin ya kama shebur, madugun 'yan dako ne. Da su aka ɗauko jirgin nan gunduwa-gunduwa daga bakin teku, a bayan mutum da dabba, shekara da shekaru ana hawa duwatsu ana sauka. Kuma duk tafiyar da ya yi, tare da Doña Casilda ya yi ta.

Casilda ba ta da yawan fara'a, ga taurin kai, in ta ce ta tsaya ko limamin coci bai isa ya ɗaga ta ba. Amma da ƙanƙara ta rufe hanya a kan tsauni, ita ta shige gaba ta fitar da ayarin. Yanzu ta tsufa, bayanta ya lotsa, gwiwa ta kumbura. Sai ga shela cewa ran Litinin duk masu dakon jirgi na farko za su koma teku su ɗauko na biyu. Melchor ya san in ta tafi ba za ta dawo ba, abin ya hana shi cin abinci. Ƙanwarsa tana Yunguyo, can ƙetaren ruwa, da gonar sha'ir da wurin hutawa, ba kuma wanda zai bi tsohuwa har can. Zagaye tafkin a ƙasa ya fi ƙarfinta. Ya roƙa mata wuri a jirgi, magatakarda ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce tafiyar farko ta manyan baƙi ce.

Kyaftin Olazábal mutumin bakin teku ne, bai daɗe da hawowa tudu ba, iskar saman duwatsu ba ta isarsa, har yanzu in ya yi tsawa sai ya zauna ya nemi numfashi. Ya yi tsawar, ya zauna, ya sa aka kira Melchor.

“Ba wata mace a garin nan da za ta iya zuba giya?”

“Akwai, ranka ya daɗe. Yaran nan sun ce in Doña Casilda ce, yanzu za ka ga hayaƙi. Rabin ƙarfen da kake takawa ta bayanta ya iso nan.”

“'Yar wane gida ce?”

“Ubanta dai ba a cika faɗarsa ba, amma uwarta kowa ya yaba tafiyarta.”

“Mijinta zai bari?”

“Ba ta taɓa aure ba, ba ɗa ba jika. Sai dai ka yi haƙuri da ita, ba ta amsa gaisuwa.”

Kyaftin ya dubi baƙi suna ta fifita da huluna, ya dubi kantoma yana kumbure-kumbure. Ya miƙe, ya rantse da Budurwa Maryamu a gaban jama'a cewa wadda suka zaɓa ita ce uwar jirgi, za a kai ta har inda take so.

Kafin ya rufe baki shebura sun fara aiki. Melchor ya ruga gida, ya wanke ta, ya taje ta, ya ɗaura mata sabon jan zare a kunnuwa, ya yafa mata bargon da matarsa ta saƙa don bikin coci. Shi kuwa Kyaftin ya sa aka fito da kujera mai laushi daga ɗakinsa, ya zura farin safar hannu, ya karɓi furannin da aka tanadar wa matar kantoma, ya tsaya a bakin katakon shiga.

Daga can bayan taro dariya ta fara, ta yi ta matsowa gaba. Masu sarewa suka kama busa. Jama'a ta dare biyu.

Fuskar Kyaftin ta yi ja. Ya dubi Melchor, Melchor ya dubi sama. Ya dubi hayaƙin da ke tashi baƙi ƙirin daga bututu, ya tuna da wadda ya rantse da ita, ya kuma tuna a gaban mutum nawa. Sai ya cire hula ya rusuna.

“Barka da zuwa, Doña Casilda.”

Tsohuwar alfadarar ta miƙa wuya ta cinye furannin har da zaren da aka ɗaure su, sannan ta taka katakon da kofatanta huɗu, ta shiga jirgin da ta ɗauko a bayanta.