Shataletalen Baba

"Rage gudu, ga shataletale nan gaba," in ji Baba daga kujerar gefe, idanunsa fari fat suna fuskantar titi.

'Yarsa da ke tuƙi ta rage gudu. Tun bara aka rushe shataletalen nan, aka shimfiɗa titi ɗoɗar. Amma wa zai iya gaya wa mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙa tasi a garin nan cewa garin ya tashi ya bar shi? Tun da ciwon suga ya cinye masa ido, ba abin da ya rage masa sai nuna hanya.

Sai ta yi abin da ta saba yi duk ranar asibiti. Ta kutsa cikin gidan man da ke bakin titi, ta zagaye famfunan a hankali. Wani mai babur ya ɗura mata ashar. Motar da ke bayanta ta danna hon kamar za ta haɗiye ta. Ta koma kan titi.

"Madalla, Uwata," ya ce. "Hannunki ya faɗa."

Ta yi dariyar yaƙe, ta share ƙwalla da bayan hannu.

Sun yi nisa, sai ya laluba ya ɗaga gilashin ɓangarensa.

"Wani satin ki tuna min in rufe tun kafin mu iso," ya ce a hankali. "Shataletalen nan naki, warin fetur ya yi masa yawa."