Zazzaɓin Kwamfutar Yaya Ramlat

"Sama'ilu, ina kwamfutata?" Yaya Ramlat ta shaƙe min wuyan riga.

"Wallahi Yaya ban ɗauka ba. Ni da ko kunna ta ban iya ba!"

Kwana huɗu ke nan tana sa kwamfutar ta gwada magunguna dubu biyar a kan siffar ƙwayar korona, a ga wanda zai riƙe ta. Gobe za ta kai wa malaminta sakamakon a Kano. Amma ɗakinmu rufin kwano ne. Rana na takewa sai kwamfutar ta ɗau zafi ta mutu, a koma farko.

Laifina ɗaya ne. Da safe kakarmu Inna Mairo ta taɓa ta, ta ce, "Kai, wannan abu zazzaɓi yake!" Ni kuma don tsokana na ce, "Ai korona ce a ciki, tsohuwa."

Muka birkice gidan, har rumbu muka leƙa. Yaya ta fara hawaye.

Can muka sami kwamfutar a ɗakin Inna na ginin ƙasa, a kan faifai, gindin randa inda yashi ke da sanyi. Har da takunkumi aka ɗaura mata.

"Kar ku matso, killace ta na yi," in ji Inna.

Yaya ta leƙa allon, sai ta rangaɗa guɗa. Aiki ya kammala tsaf!

Inna ta taɓe baki. "Ku da bokonku. Wa ya taɓa kwantar da mai zazzaɓi a ƙarƙashin kwano?"