Takardar Kyauta

Kyauta ta naɗe takardar sau huɗu, ta cusa ta cikin ƙullin daddawa, ta miƙa wa Labo direba ta tagar mota.

"Sakkwato, asibitin mata. Kada kowa shi ji, balle Majo."

Labo ya ce ko kunnensa ba zai ji ba. Ya tada mota, kajin da ke daure a samanta suka ɗau kuka.

Shekara huɗu ke nan Kyauta tana aikin jinya a gidan likitan Tajaye, ɗaki biyu da rumfa, a ƙarƙashin Majo Alkasum, shugaban wurin. A wannan shekara ta 1974 kuɗin mai ya sa asibitoci suna ta tashi a Nijeriya, ma'aikatan jinya daga Malbaza da Dogarawa suna tsallaka iyaka ɗaya bayan ɗaya. Ita dai ba naira ce ta tsone mata ido ba. Bara haihuwa ta yi wa wata mata gardama, suka ɗora ta a mota zuwa Tawa, da ƙyar aka kai ta da rai. Tun ranar Kyauta take son koyon aikin ɗakin tiyata, wurin koyo mafi kusa kuwa Sakkwato ne. Ta zauna ta tsara roƙonta da Faransancinta na lakwal, wato makarantar boko, mai kyau, babu gyara.

Matsalar ita ce Majo. Dattijo ne mai faɗa, wanda ya yi samartakarsa yana dako a Kumasi kafin ya dawo ya yi karatun jinya. In aka ambaci masu tafiya, sai gemunsa ya hau rawa.

"Ƙasa ta karantar da kai, ka kwashi hannunka ka kai kasuwar maƙwabta?"

Muryarsa ta fi tashi ranar da motar kwamanda, babban jami'in gwamnati na yankin, take tsaye a ƙofa. Da la'asar kuma sai ya huce, ya zauna gindin bishiyar bedi suna buga dara da Labo.

Kwana biyu da tafiyar takardar, Majo ya aika a sayo masa tawada, ya kulle kansa a buro, wato ofishinsa, tun azahar har aka kira sallar la'asar. Da ya fito, Kyauta ta ga ta kanta. Duk ɗinkin rauni ita, duk haihuwa ita. In ta ƙulla zare ya ce ta warware ta sake. Ya jawo kwalayen magani masu rubutun Turancin Ingilishi ya ce ta karanta da ƙarfi, in ta yi tuntuɓe ya ƙwanƙwasa tebur. Tana wanke hannu ma tambaya yake yi: in jini ya ƙi tsayawa fa? In yaro ya zo da ƙafa fa?

Kyauta ta ce a ranta, shi ke nan, ya ji ƙishin-ƙishin, horo yake mini. Da aka turo wata sabuwar ma'aikaciya mai suna Binta daga Tawa, bisa roƙon Majo, sai ta ƙara tabbata korarta ake shirin yi.

Bayan wata biyu Labo ya kawo amsa cikin buhun albasa. Ana son ganinta ranar Alhamis.

Ta tsaya a gaban Majo, ta ce gwaggonta ba ta da lafiya a Birnin Konni, tana roƙon kwana uku. Ko kai bai ɗaga ba.

"Allah shi ba ta lahiya. Ki tahi da farar rigarki a goge, gwaggo na son tsabta."

Ta kwana a Konni, da hantsi ta wuce duwan, shingen 'yan kwastan na bakin iyaka, kafin azahar tana zaune a gaban Hajiya A'ishatu, shugabar masu jinya, mace mai ƙiba da tabarau a ƙarshen hanci. Aka ba ta allura da zare, hannunta ya yi aikin tun kafin ta yi tunani. Aka miƙo kwalbar magani, ta karanta. Aka ce in jini ya ƙi tsayawa fa, ta kusa yin dariya. Cikin mata tara da suka zo, ita kaɗai aka ce ta dawo ciki.

"Mun ɗauke ki, ɗiyata," in ji Hajiya. "Kuma mun yarda da sharaɗinki."

Kyauta ta tambaya wane sharaɗi. Ba ta tuna ta sa wani sharaɗi ba.

"Da kika rubuta cewa shekara biyu za ki yi, ki koyi tiyata, ki koma wa matan garinku. Wannan magana ita ta sa na kira ki. Sai dai Turancinki na takarda ya fi na baki nesa."

"Ranki shi daɗe, da Faransanci na rubuta."

"Da Faransanci ce da tana can ƙasan akwati, nan ba mai karanta shi."

Hajiya ta turo mata takardar. Shafi uku ne cur da Turancin Ingilishi, sunanta a ƙasa, babu ko ƙanshin daddawa. Ba ta gane rabin kalmomin ba, amma haruffan nan masu jirkicewa hagu kamar gero a iska, shekara huɗu tana karanta su kowace safiya a kan takardun magani: rubutun Majo Alkasum ne.