Jakar Yashin Yaya Suhaib

Yayana Suhaib ya ce sau tara ya sauka daga kan dutse da jakar nan, shi kaɗai, ko gwiwa bai kuje ba.

A falonmu na unguwar Jurf yake faɗa, baƙi suna shan shayi.

"Ka cika ta da yashi, ka ajiye a bakin dutse, ka ɗaura igiya ka sauka. Nauyinta ne ke riƙe ka. In ka isa ƙasa ka ja ƙaramar igiyar, yashin ya zube, jakar ta faɗo maka. Kalas, shi ke nan! Bas, sai dai wannan ilimi ne, ba na kowa ba."

Ni na ɗinka jakar. A waya na koya, wata biyu ina ɓata yadi, don ya ce zai tafi da ni. Tun daga nan duk Juma'a sai ya saɓa ta ya fita, ya bar ni da keken ɗinki da ƙarar esi. In na yi magana ya ce, "Lissa, ya Tasallah, ba ki kai ba tukuna."

Cikin baƙin, Kawu Haladu ya ce a buɗe jakar ya gani. Suhaib ya warware ta yana murmushi.

Ko ƙwayar yashi babu. Sai wata takarda ta faɗo, fara sol, da ninkinta.

Kawu ya karanta a fili: "Yaya, in ka zo zuba yashi za ka ga wannan. Don Allah Juma'a mai zuwa ka tafi da ni."

"Yaushe kika sa wannan, Tasallah?"

"Ranar da na gama ɗinkin, Kawu. Bara."