Inna Dije Ba Ta Cin Tuwo Ita Kaɗai

Tun da aka hana cin abinci a kwano ɗaya, awarwaron lafiya da hukuma ta sa wa kowa a hannu ke ƙirga lomarsa. Ummita na karanta ilimin abinci a jami'a, kuma unguwarsu aka turo ta duba masu ramewa.

Ta tarar da kakarta, Inna Dije, ta tasa tuwo a gaba har ya huce.

"Inna, kwananki uku ba ki ci ba."

"Shekara saba'in ban taɓa ci ni kaɗai ba, 'yar nan. Ba ya wucewa. Sa hannu mana."

Ummita ta san loma ɗaya daga kwanon za ta sa awarwaronta ya yi ƙara, a kore ta daga karatu. Ta wanke hannu, ta matso, sai ta kasa.

"Ci, Inna, ga ni kusa."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon jiƙaƙƙen hannun. Sannan ta jawo faifai ta rufe kwanon.